Shaidata kan yadda ɗan ƙanena ya shiga rundunar Ranja yana hafsa

Ni tsohon soja ne mai ritaya, ina zaune a Maradi. Shaidar da zan bayar ta rayuwar ɗan ƙanena ce, wanda aka haifa a unguwar Zariya, ubansa ya tafi da shi Amurka yana ɗan shekara tara, ya girma a Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa. Yau hafsa ne a sojan ƙasa na Amurka, kuma ya yi aiki a Runduna ta 75 ta Ranja. Ba zan faɗi sunansa ba, aikinsa bai yarda da haka ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne iyaye da dama a garin nan suna da ƴaƴa a can, suna zuwa suna tambayata hanya, kuma yawancin abin da suke ji a majalisa ba haka yake ba.

Sai a fara raba abu uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai masu koriyar hula, irin tawagar da aka yi wa kwanton ɓauna tare da sojojinmu a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoba 2017. Su aikinsu ya fi karkata ga horar da sojojin wasu ƙasashe, hanyar shigarsu daban ce. Akwai Makarantar Ranja, kwas na kwana 61 da soja daga kowace runduna zai iya zuwa, in ya ci a ba shi ƴar alama baƙa da rawaya ya liƙa a kafaɗar hagu, ya koma inda ya fito. Sannan akwai rundunar ita kanta, masu hula ruwan ƙasa, wadda suka fara sawa a 2001. Bataliyoyinta na faɗa uku ne: ta ɗaya a Savannah cikin jihar Jojiya, ta biyu a barikin Lewis-McChord na jihar Washinton, ta uku tare da hedkwata a Fort Benning, ita ma a Jojiya. Aikinsu dirar laima cikin dare don ƙwace filin jirgin sama, da samame, a shiga a fita kafin gari ya waye. Uba zai kawo mini hoton ɗansa da alamar nan a kafaɗa ya ce yaro ya shiga Ranja. Makarantar ya yi, kuma abin alfahari ne ƙwarai, amma ga hafsan ƙafa, wato na sojojin da ke yaƙi a ƙasa da ƙafarsu, sharaɗi ɗaya ne kawai cikin sharuɗɗan neman shiga.

Kurtu yana iya sa hannu a kwangila tun ranar da ya shiga soja, ya gama horon farko ya wuce zaɓen rundunar na mako takwas. Hafsa ba shi da wannan ƙofa. Ƙa'idarsu ita ce ba a ba ka muƙami a cikinsu sai ka taɓa riƙe irinsa a wata runduna, ka riƙe shi da kyau, an kuma rubuta. Laftana sai ya jagoranci seksiyon mai soja kusan arba'in a wani wuri tukuna, kaftin sai ya riƙe kamfani mai soja sama da ɗari. Duk wanda ya san bariki ya san dalili. Sajen da ke cikin rundunar nan wani ya shekara goma a ciki, ya je fagen daga ya dawo ba sau ɗaya ba, ba za a kawo masa yaron da jiya ya bar jami'a ya koyi aiki a kan mutanensa ba. A ganina babu ƙa'idar da ta kai wannan hikima a duk tsarinsu.

Matakin farko shi ne samun galon hafsa, kuma a nan ƴaƴanmu da yawa ke tsayawa. Mai katin zama na dindindin yana iya shiga soja a matsayin kurtu, amma hafsa sai ɗan ƙasa, kuma sai da digirin jami'a na shekara huɗu. Ɗana ya zama ɗan ƙasa ta hanyar ubansa, domin dokarsu ta ce yaron da bai kai 18 ba, yana da katin zama, yana hannun mahaifin da ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, shi ma ya zama. Wanda ya wuce 18 kafin uban ya yi rantsuwa sai ya nemi nasa da kansa. Hanyoyin da aka fi sani uku ne. Akwai kwalejin West Point, shekara huɗu, sai wanda bai kai 23 ba, ba aure ba ɗa, kuma galibi da takardar ɗan majalisa. Akwai ROTC, inda ɗalibi ke karatunsa a jami'a yana haɗawa da horon soja. Akwai OCS, mako 12 a Fort Benning ga wanda ya riga ya gama digiri. Shi ROTC ya bi. Ɗalibi ba shi kaɗai ke zaɓar fanninsa ba. Makin jami'a da ƙarfin jiki da rahoton malaman soja ake haɗawa a jera su, kuma aikin ƙafa yana cikin waɗanda ake rububi. Rundunar Ranja tana kuma ɗaukar hafsoshin sadarwa, leƙen asiri, likita, kayan aiki da manyan bindigogi, amma guraben kaɗan ne.

Na san tun da sojojin Amurka suka bar ƙasarmu a 2024 wasu ba sa son jin wannan zance. Abin da nake gaya wa iyaye shi ne rantsuwar hafsa nauyi ce, kuma wanda ya yi ta ba ya zaɓar inda za a tura shi. A zauna da yaro a yi wannan magana kafin ya sa hannu, ya shiga da idonsa buɗe.

Yanzu ga inda mu ƴan gida muke da hannu. Kowane hafsa sai an yi masa binciken amana kafin a yarda ya ga sirrin gwamnati. Akwai doguwar takarda da ake kira SF-86, tana tambayar inda ya zauna cikin shekara goma da suka wuce, ƙasashen da ya je, danginsa na kusa da inda suke, mutanen waje da yake hulɗa da su a kai a kai, ko yana da fasfo na wata ƙasa, ko fili, ko gida, ko asusun banki a waje, ko yana tallafa wa wani da kuɗi. Samun dangi a Maradi ba laifi ba ne a wurinsu. Ɓoyewa ce ke kayar da mutum. Mu kuwa mun saba uba ya sayi fili a hanyar Dan Isa ya rubuta sunan ɗansa, yaron ma bai sani ba, sai mai bincike ya tono. Kafin ɗana ya cike takardar, ubansa ya sa aka lissafa duk abin da ke ɗauke da sunansa a nan, aka tattara cikakkun sunaye da ranakun haihuwa na waɗanda ake buƙata, kuma ya rubuta cewa wan ubansa tsohon sojan wata ƙasa ne, tun da ana tambayar alaƙa da gwamnati ko sojan waje. Bincikensa ya fi na abokansa daɗewa, amma ya fita lafiya.

Abu na biyu bashi ne. Matsalar kuɗi tana sahun gaba cikin dalilan da ke hana mutum wannan izini. Sabon laftana albashinsa ba wani yawa gare shi ba in an auna da tsadar can. In dangi suka ɗora masa kuɗin biki da na suna da na gini har ya ci bashin katin banki ya kasa biya, to da hannunmu muka rufe masa hanya. Don Allah ƴan'uwa, a sassauta wa yaro a shekarun nan na farko.

Da ya samu galo aka tura shi Fort Benning kwas ɗin sabbin hafsoshin ƙafa, wata huɗu da ɗoriya, daga nan sai Makarantar Ranja. Ranar shiga ake cire galo, a aske kai, laftana da saje da kurtu duk su zama ɗaya. Kwanakin farko na tankaɗe ne, kuma a cikinsu mafi yawan masu faɗuwa ke faɗuwa. A zamaninsa gwajin shi ne pomp 49 cikin minti biyu, tashi daga kwance 59 cikin minti biyu, gudun kilomita 8 cikin minti 40, da jan jiki a ƙarfe sau 6 har haɓa ta wuce shi. A 2025 an sauya tsarin, aka shigo da ɗaga buhunan yashi da ɗaukar jarkokin ruwa, gudun ya koma kusan kilomita shida da rabi cikin minti 32, don haka mai niyya ya nemi ƙa'idar shekararsa. Lambobin ba su da ban tsoro ga matashi mai motsa jiki. Ƙirgar ce ke kayar da mutane, domin malami ba ya ƙirga pomp ɗin da ƙirji bai sauka sosai ba ko gwiwar hannu ba ta miƙe ba. Wanda zai je ya saba da wuce adadin nesa, masu tsabta, a gaban mai tsanani.

Sai gwajin ruwa. A bi kan katako can sama da tafki, a rarrafa a igiya, a saki a faɗa, a yi iyo da kaki da takalmi. Yaranmu da yawa ba su iya iyo ba, Gulbin Maradi ruwansa na watannin damina ne, mu iyaye kuma hana yara shiga muke yi. Ɗana tun yana jami'a ya riƙa zuwa wurin koyon iyo, shi ya cece shi. Sai neman hanya da taswira da kamfas kawai, a fara cikin duhu, a nemo wuri huɗu cikin biyar a awa biyar. Abu biyu ke ɓatar da mutum a nan: manta bambancin da ke tsakanin arewar taswira da arewar kamfas, da rashin sanin yawan takunsa a mita ɗari. Dole ya san takunsa a fili, a hawa, cikin duhu, da kaya a baya, don ba ɗaya ba ne. Ƙarshen kwanakin nan, jiki ya riga ya gaji, ake yin tafiyar kilomita 19 cikin awa uku da jakar goyo mai kilo 16, ban da ruwa da bindiga. Kusan a ce daga Maradi zuwa Madarunfa, kowane kilomita cikin minti tara da ɗan kai.

Zan daɗe a kan ƙafa, don ita ke cire jarumai. Mutum ya je da takalma ƙafa biyu da ya riga ya tattaka wata biyu ko uku, kada ya kuskura ya sa sabo. Safa ta ulu, domin auduga tana riƙe gumi ta jiƙa fata. Duk tsayawar da aka samu a sauya safa, in wuri ya fara zafi a manna filasta kafin ya yi bororo. Bororon da ya fashe ya sha ruwan fadama yakan kamu, ƙafa ta kumbura ta yi ja, likita ya cire mutum ko yana kuka. Ƙwauri kuma, wanda ya tashi rana ɗaya ya ɗora kilo 30 ya fara gudu da shi, ƙashin tsagewa yake a hankali. Alamarsa ciwo a wuri guda, in an danna da yatsa a ji shi, hutun dare ba ya kore shi. Nauyi da nisa kaɗan-kaɗan ake ƙara su, sau ɗaya ko biyu a mako, tsawon watanni.

Akwai maganar da ta fi shafar mu. Mutanenmu da yawa suna ɗauke da rabin jinin emasi, wato AS, lafiyarsu lau, ba su ma sani ba. Wannan ba ya hana aikin soja, amma cikin tsananin wahala, ga zafi ga ƙishirwa, haɗarin narkewar tsoka ya fi yawa gare su. Cinya ta kama ciwo mai tsanani, ƙarfi ya tafi, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta iya tsayawa. Sojan ƙasa na Amurka ya fara gwada duk masu shiga a 2020, amma gara iyaye su san jinin ɗansu tun yana ƙarami, shi kuma ya gaya wa ma'aikacin lafiyar ƙungiyarsa. Kada ya ce shi ɗan ƙasar zafi ne. Zafin Jojiya mai danshi ne, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Kuma ɗirkar ruwa zalla ba gishiri ba abinci shi ma yana kayar da mutum.

Kwas ɗin zango uku ne, kowanne kusan mako uku, kwanakin tankaɗe suna cikin na farko: dajin Benning, duwatsun Dahlonega a arewacin Jojiya, da fadamun Fulorida a yankin sansanin Eglin. Abinci fakiti biyu a rana, barci awa uku ko huɗu in an samu, kaya kilo 30 zuwa 40. Sanyi ba abin wasa ba ne, a watan Fabrairu na 1995 ɗalibai huɗu sanyi ya kashe a fadamar Fulorida. Wasu fakitin da naman alade a ciki, sai a duba rubutu a yi musaya da abokai. Salla kuwa da taimama da haɗawa ya riƙa yin ta, bayan ya tambayi malamin addini kafin ya tafi.

A kowane zango ana ba ɗalibi jagorancin sintiri, malami yana biye yana rubutu. A zangon duwatsu ɗana ya faɗi. An ba shi tsara kwanton ɓauna bayan kwana da kwanaki ba barci. Ya riƙe taswira, ya riƙe rediyo, ya je yana jera kowa da hannunsa, bai bar wa mataimakinsa da shugabannin ƙananan ƙungiyoyi komai ba. Lokaci ya ƙure masa, masu gadin gefe guda kuma barci ya kwashe su, ba wanda ya zagaya ya duba. Aka ce ya maimaita zangon gaba ɗaya. Da ya samu waya ya ce, "Baba, na ji kunya." Na ce, "Ɗana, ka raba aiki, ka bi ka duba, kuma kada bakinka ya furta ka fasa." Maimaita zango ruwan dare ne a can, da yawa daga masu alamar sun maimaita. Abin da ke bin hafsa har ƙarshen aikinsa shi ne ya sa hannu cewa ya janye da kansa, ko a kama shi da ƙarya.

Bayan rahoton malami akwai na abokai. Ƙarshen kowane zango kowa yana jera ƴan ƙungiyarsa daga na farko zuwa na ƙarshe, kuma wanda ya faɗi a nan cin sintirinsa ba ya cetonsa. Hafsoshi da dama a nan suke shan kaye. Mutum in shi ke jagora sai ƙwazo, in an ba wani sai ya lafe, ba ya karɓar babbar bindiga, ba ya ɗaukar igiya ko batir, lokacin gadinsa sai an tashe shi sau uku. Masu yunwa da gajiya ba sa manta irin wannan.

Akwai kuma makarantar laima, inda ake koyon dira daga jirgin sama, ita mako uku ce, na ƙasa, na hasumiya, na tsalle, da dira biyar daga kusan mita 380. Ƙafafu da gwiwoyi a haɗe, kada a miƙa ƙafa ɗaya ana neman ƙasa, ta haka idon sawu ke karyewa.

Daga nan aka tura shi wata runduna ta ƙafa, kuma a nan lissafin lokaci yake. Ana samun galo na biyu bayan wata 18, kaftin kuma wajen shekara huɗu da fara aiki. Kwasa-kwasai sun riga sun cinye kusan shekara. Cikin abin da ya rage sai ya samu seksiyon, ya riƙe ta har a rubuta masa rahoto, kuma ya kasance da sauran lokacin da zai yi wa rundunar Ranja aiki yana laftana. Wanda ya yi nawa sai ya jira zamaninsa na kaftin. Shi tun zuwansa ya gaya wa kwamandansa niyyarsa, domin sai shugabanninka sun yarda sun sake ka, kuma ba kwamandan da ke son jin labari daga waje. Takardun da ake haɗawa su ne tarihin aiki, rahotannin shugabanni, wasiƙun shaida, sakamakon gwajin jiki, takardar likita, da wasiƙar da mutum zai rubuta dalilinsa. Abin da ke cika waɗannan rahotanni aikin yau da kullum ne: kayan gwamnati da ya sa wa hannu sun cika, sojojinsa sun iya harbi, ya san wanda matarsa ba lafiya, yana jin maganar sajensa. Tuƙi cikin maye sau ɗaya ya isa ya rushe duka.

In takardu sun karɓu sai a kira shi zaɓen da suke kira RASP 2, na hafsoshi da manyan sajoji, kwana 21 a Fort Benning. Ana sake gwajin jiki da tafiyar kilomita 19, ana gwajin ƙwaƙwalwa a rubuce, ana zama da masanin halayyar ɗan Adam, ana ba ƙungiya aiki a tsaya ana kallon yadda kowa ke mu'amala. Ba wanda zai gaya maka kana yi da kyau ko ba ka yi. Hafsan da ya tsaya daidai kan mafi ƙarancin maki ya ci gwaji, amma ya nuna bai shirya ba, tun da waɗanda zai jagoranta sun wuce nan nesa. Ƙarshe sai kwamiti na manyan hafsoshi da manyan sajojin rundunar, duk takardunka a gabansu. Sun tambaye shi faɗuwarsa ta duwatsu. Ya faɗi abin da ya yi, da abin da ya gyara, bai ɗora wa sanyi ko malami ko abokai ba. Mai ƙarfi sosai ana iya mayar da shi a wannan zama saboda girman kai ko kwana-kwana. Shi aka ɗauke shi.

Shiga ba ta kawo hutu ba. A rundunar nan ana iya sallamar mutum kowace rana in ya gaza ƙa'ida, hafsa ne ko kurtu, a mayar da shi babbar runduna. Ana iya kiransu cikin ƴan awoyi, waya ta yi shiru makonni. Uwarsa ta sha wahalar wannan shiru, kuma sai da aka roƙi dangi su daina sa hotunansa da kaki a Facebook da WhatsApp, su daina tambayarsa inda yake.

Hafsa ba ya dawwama a ciki. Tun da Janar Creighton Abrams ya ba da umarnin kafa bataliya ta farko a 1974, manufar ita ce waɗanda suka goge a can su koma sauran rundunoni su yaɗa abin da suka koya. Da wa'adinsa na laftana ya cika, ɗana ya tafi kwas ɗin kaftin, yanzu yana riƙe da kamfani mai soja sama da ɗari a wata runduna ta ƙafa. Yana so ya koma, kuma zamansa na farko bai ba shi haƙƙin komawa ba. Sai ya gama riƙon kamfanin da rahoto mai kyau, ya sake haɗa takardu, ya sake kwana 21 ɗin nan daga farko, ya sake zama gaban kwamiti. In ya kai manjo yana son dawowa karo na uku, haka zai sake yi.